Yinka Dare (1972–2004): Ɗan Kano da Tsawonsa Ya Kai Shi Amurka

An haifi Yinka Dare a Kano ranar 10 ga Oktoba, 1972. Ya rasu a Englewood, wani gari a jihar New Jersey ta Amurka, ranar 9 ga Janairu, 2004, yana da shekara 31. A cikin wannan gajeren rai ya zama ɗaya daga cikin 'yan Nijeriya na farko-farko da suka buga ƙwallon kwando a NBA, babbar gasar Amurka wadda duk ɗan wasa a duniya yake mafarkin shiga. Amma in ka ambaci sunansa a gaban Ba'amurke mai bin wannan wasa, sai ka ga ya yi murmushi, gama abin da aka fi tunawa da shi a can abin ba'a ne: a shekara huɗu da ya yi a gasar, sau huɗu kacal ya miƙa wa abokin wasansa ƙwallon da aka jefa ta shiga kwando. Lissafin gaskiya ne, ba ƙage ba. Sai dai masu dariyar ba su cika tambayar yadda aka yi saurayin da bai san wasan ba a shekara 18 ya sami kansa cikin gwanayen duniya a shekara 22 ba. Wannan tambaya ta shafi kowane gida da ke da yaro mai tsawo, ko mai gudu, ko mai ƙafar ƙwallo.

Sunansa na Yarbawa ne, mahaifarsa kuwa Kano. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Jos. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da kuma lokacin da haƙar kuza ta jawo mutane zuwa Filato, garuruwan Arewa suka cika da yaran da asalin iyayensu Kudu ne amma cibiyarsu a nan aka binne ta. Yinka ɗaya ne daga cikinsu. Wasan da ya fi so yana yaro shi ne tanis, wanda mutum ɗaya kan tsaya a gefe guda na raga yana dogara ga hannunsa kaɗai. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu koma kansa.

Labarin yadda aka gano shi ya shahara a jaridun Amurka. A 1991 wani lauya ɗan Nijeriya mazaunin Amurka, Lloyd Ukwu, ya zo ziyara Legas. Yana tafe cikin mota sai ya hangi wani saurayi zaune a benci yana cin abinci, wanda ko a zaune tsawonsa ya isa a tsaya a duba. Ya tambaye shi tsawonsa, saurayin bai sani ba. Da aka auna shi aka iske ya kai ƙafa 7, wato wajen mita 2 da santimita 13. Daga baya nauyinsa ya kai kilo 120.

Me ya sa lauya zai tsayar da motarsa saboda tsawon wani? Amsar tana cikin yadda wasan yake. Kwandon da ake jefa ƙwallo a ciki yana rataye ƙafa 10 daga ƙasa. Mai ƙafa 7, in ya ɗaga hannu, saura kaɗan ya taɓa shi ba tare da ya yi tsalle ba. Irin wannan mutum ake sa wa a tsakiya, ƙarƙashin kwando, domin ya doke ƙwallon da abokan gaba suka jefo, ya kuma cafke wadda ta bugi ƙarfe ta dawo. Masu horarwa suna iya koya wa yaro gudu da jifa da dabara, amma ba su iya ƙara masa ko taƙi ɗaya. Ga shi kuma a lokacin duk Amurka ta ga abin da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, yake yi a ƙungiyar Houston. Kowace jami'a tana fata ta sami nata Olajuwon, idon kowa kuwa yana kan Nijeriya.

Haka Yinka ya tafi. Ya fara da shekara guda a Milford Academy, wata makarantar share fagen shiga jami'a a jihar Connecticut. A 1992 ya shiga Jami'ar George Washington, a babban birnin ƙasar.

Shekara biyu na ɗaukaka

Ya kamata a san halin da ya tarar da ƙungiyar jami'ar. A kakar wasa ta 1988 zuwa 1989 sun buga wasa 28, suka ci ɗaya tak. Rabonsu da shiga babbar gasar jami'o'in Amurka, wadda ake yi kowane watan Maris, tun 1961. A 1990 aka kawo sabon mai horarwa, Mike Jarvis, mutumin da ya san sha'anin dogayen yara, gama shi ne ya horar da Patrick Ewing a makarantar sakandare, yaron da ya zo daga Jamaika ya zama babban tauraro a New York. Jarvis ya fara gyara, amma abin da ya rasa shi ne ginshiƙi a tsakiya. Ya same shi a Yinka.

A Maris 1993, shekararsa ta farko, George Washington ta shiga gasar cikin ƙungiyoyi 64, ba wanda ya sa mata rai. Ta doke New Mexico, ta doke Jami'ar Southern, ta shiga cikin 16 na ƙarshe, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba tun kafa ta. A nan ta gamu da Michigan, wadda take da samari biyar da ake ganin babu kamarsu a ƙasar, cikinsu har da Chris Webber da Juwan Howard da Jalen Rose. An yi wasan a Seattle, Michigan ta sha da ƙyar da maki 72 da 64, ta kuma wuce har wasan ƙarshe. Saurayin da shekara biyu kafin nan yake zaune a benci a Legas, ga shi miliyoyin mutane suna kallonsa a talabijin yana kokawar ƙwallo da Webber, wanda aka zaɓa na ɗaya a NBA a wannan shekara.

Shekara ta biyu ma sun koma gasar. Sun ci wasan farko, Jami'ar Connecticut ta fitar da su a na biyu. A shekaru biyun Yinka yana cin maki wajen 14 a kowane wasa, yana cafke ƙwallo fiye da sau 10, yana doke jifan abokan gaba fiye da sau 2. Cikin shekara biyu kawai ya wuce duk wanda ya taɓa buga wa jami'ar a yawan doke jifa.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura da wani abu. Duk waɗannan ayyuka da ya yi fice a kansu, ayyukan tsawo da ƙarfi ne. A jami'a ba kowace rana yake haɗuwa da wanda ya kai shi girma ba. In an jefa masa ƙwallo kusa da kwando, sai ya juya ya danna ta ciki. Bai buƙaci ya koyi abin da mutum zai yi in wanda ke gabansa ya kai shi tsawo, ya fi shi sauri, ya kuma yi shekara goma yana wannan sana'a.

Zaɓen 1994

Bayan shekara biyu Yinka ya bar jami'a, ya sa sunansa cikin zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA. Masu sharhi da yawa sun ga ya yi gaggawa. An yi zaɓen ranar 29 ga Yuni, 1994, a Indianapolis, a wani mako da sunan Nijeriya yake bakin kowa a Amurka. Mako guda kafin nan Olajuwon ya ɗauki kofin NBA da Houston, shi ne kuma gwarzon shekara da gwarzon tsaron gida da gwarzon wasannin ƙarshe, duka a kaka ɗaya. A fagen ƙwallon ƙafa kuma Super Eagles suna can a gasar cin kofin duniya ta farko da suka je, sun riga sun lallasa Bulgeriya da 3 da nema. Cikin wannan yanayi ƙungiyar New Jersey Nets ta zaɓi Yinka a matsayi na 14. Babban jami'inta a lokacin, Willis Reed, shi ma tsohon ɗan tsakiya ne da ya ci kofi sau biyu da New York. Aka ba Yinka kwantiragin shekara 6 na kimanin dala miliyan 9, wanda za a biya shi ko ya buga ko bai buga ba. A farashin gwamnati na wannan shekara, naira 22 kan dala ɗaya, kuɗin ya kusa naira miliyan 200.

Yana da sauƙi mu zauna yau mu ce da ya haƙura ya gama karatu. Ni kaina ina ganin da ya ƙara shekara biyu a hannun Jarvis, da ya zama wani ɗan wasa dabam. Amma adalci ya sa mu duba abin da ke gabansa. Ɗan wasan jami'a a wancan zamani ba a biyansa ko sisi, sai karatu da abinci da wurin kwana. In ya karye a can, ya tashi a tutar babu. Ga shi ana ta maganar za a rage abin da ake biyan sababbin 'yan wasa, aka kuwa yi hakan a 1995, inda aka ƙayyade albashinsu, aka mayar da kwantiraginsu na farko shekara 3. Wane uba ne a Kano ko a Jos, a shekarun da albashin malamin makaranta ba ya kai ƙarshen wata, zai ce wa ɗansa ya bar dala miliyan 9 ya jira? Abin da ya faru bayan 'yan watanni ya nuna cewa ta fuskar kuɗi yaron bai yi wauta ba.

A kakarsa ta farko ya shiga wasa ɗaya, ya yi minti 3 a fili. Raunin gwiwa ya kwantar da shi, aka yi masa tiyata, bai sake bugawa ba har kakar ta ƙare. Ga ɗan wasan da ya riga ya ƙware, shekara guda a kwance asara ce. Ga wanda yake tsakiyar koyo kuwa, asarar ta ninka, domin shekarar da ya kamata ya koyi sana'ar ce ta tafi a gadon asibiti da ɗakin motsa jiki. A 1995, da aka kafa sababbin ƙungiyoyi biyu a Kanada, wato Toronto da Vancouver, aka ba su dama su ɗebi 'yan wasa daga tsofaffin ƙungiyoyi, Nets ba ta sa sunansa cikin waɗanda ta hana a taɓa ba. Duk da haka babu wadda ta ɗauke shi.

Batun miƙa ƙwallo

Domin a gane abin da aka yi masa ba'a a kai, sai mu koma asalin wasan. James Naismith, ɗan Kanada da ya karanci tauhidi a kwalejin Firesbiteriya ta Montreal, shi ya ƙirƙiro shi a Disamba 1891, a makarantar horar da ma'aikatan YMCA da ke Springfield. An ce masa ya nemo wasan da samari za su yi cikin ɗaki lokacin tsananin sanyi ba tare da sun ji wa juna rauni ba. Ya kafa kwanduna biyu na 'ya'yan itace a sama, ya rubuta dokoki 13. Ɗaya daga cikinsu ta hana gudu da ƙwallo a hannu. Wanda ya kama ta, dole ya jefa ta daga inda yake. Ke nan tun ran farko an gina wasan a kan miƙa wa ɗan'uwa. Shi ya sa har yau, ban da makin da mutum ya ci, ana rubuta sau nawa ya ba wani ƙwallon da ta zama ci. Wannan shi ake kira taimako.

A kakar 1995 zuwa 1996 Yinka ya buga wasa 58 cikin 82. Bai yi taimako ko ɗaya ba, ya kuma ɓarar da ƙwallo ga abokan gaba sau 72. Ba a taɓa samun wanda ya buga wasanni masu yawa haka a kaka ɗaya ba tare da taimako ba. A wannan kakar John Stockton na Utah yana yin fiye da 11 a kowane dare. Sai a Janairu 1997, bayan wasa 77, aka rubuta wa Yinka na farko. 'Yan jarida sun riƙa ƙirga wasannin kamar masu jiran ganin wata. Har sunansa aka murɗa, aka mayar da shi wata kalmar Turanci mai nufin wari.

Akwai abubuwa da masu ba'ar suka tsallake. 'Yan tsakiya dama ba su cika yin taimako ba, gama aikinsu a ƙarshen harin yake. Dikembe Mutombo, wanda ya shiga zauren gwarzayen wasan, taimako ɗaya yake yi a wasa in an raba. Manute Bol na Sudan bai kai ko rabin haka ba. Yinka kuwa bai kai minti 10 ba a wasa mai minti 48, sau da yawa ma a ƙarshe ake sa shi, bayan an riga an san wanda ya ci. Amma duk da wannan uzuri, huɗu cikin wasa 110 ya yi kaɗan ƙwarai, musamman in aka ajiye shi kusa da ɓarar da ƙwallo sau 96. Akwai abin da bai koya ba.

A ganina, abin da bai koya ba shi ne abin da yaro kan koya ba tare da malami ba, a filin unguwa, tun yana ɗan shekara 8: sanin inda abokinka yake ba tare da ka dube shi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Olajuwon shi ma ya makara wajen fara ƙwallon kwando, amma ya taso yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, wasannin da ba a yin su sai da jama'a. Ƙafarsa da idonsa sun riga sun saba. Yinka daga tanis ya fito, inda babu wanda za ka miƙa wa. Sa'an nan a dubi lokacin da aka ba kowannensu. Olajuwon ya isa Houston a 1980. Shekarar farko bai buga wa jami'a ba sam, ta biyu daga benci yake shigowa. Lokacin hutu yana zuwa wani ɗakin wasa a garin yana gwabzawa da Moses Malone, gwarzon NBA, wanda ba ya raga masa. Sai a 1984, bayan shekara huɗu, ya shiga zaɓe, aka ɗauke shi na ɗaya, gaban Michael Jordan. Mutombo kuma, ɗan Kwango, a garin Washington ɗin nan ya yi karatu, a Jami'ar Georgetown, tafiyar 'yan mintoci daga inda Yinka ya zauna. Ya zo a 1987, bai tafi ba sai da ya karɓi digirinsa a 1991. Yinka kuwa daga benci a Legas zuwa NBA shekara uku ne.

Ƙungiyar da ya faɗa hannunta ma ba wurin koyo ba ce. Nets ta waɗannan shekaru tana cikin ruɗani. Ta rasa gwaninta Dražen Petrović a haɗarin mota a 1993. Manyan taurarinta biyu, Derrick Coleman da Kenny Anderson, duk an sayar da su a kakar 1995 zuwa 1996. Mai horarwa Butch Beard ya yi shekara biyu aka sallame shi, aka kawo John Calipari a 1996. A musayar Coleman ne aka kawo Shawn Bradley, mai ƙafa 7 da inci 6, a gurbin da Yinka yake nema. Mai horarwar da yake tsoron kada a kore shi gobe ba shi da lokacin koya wa wani abin da ya kamata a ce ya sani tun yana sakandare. Wasa 41 ya buga a kaka ta uku, 10 a ta huɗu. A Fabrairu 1998 aka haɗa shi da wasu biyu aka tura Orlando, aka karɓo Rony Seikaly da Brian Evans. Orlando ta sallame shi nan take, ko rigarta bai sa ba. Yana da shekara 25.

Bai ajiye wasan ba. A wannan shekara ta 1998 ya sa rigar Nijeriya a gasar cin kofin duniya ta ƙwallon kwando da aka yi a Girka, karo na farko da ƙasarmu ta je, ta kuma zo ta 13 cikin 16. Daga nan ya riƙa bugawa jefi-jefi a ƙananan gasannin Amurka, inda ake tafiya a bas, ana wasa a gaban 'yan ɗaruruwan mutane, har zuwa 2003. Mutumin da ya riga ya sami miliyoyi, ya kuma sha dariyar ƙasa guda, ba dole ba ne ya koma irin waɗannan filaye. Ya koma, har shekara biyar. Waɗanda suka yi wasa da shi a Nets, da suka yi magana bayan rasuwarsa, sun tuna da shi a matsayin mutum mai shiru, mai sauƙin hali.

Zuciya

Ranar 9 ga Janairu, 2004, ya yanke jiki ya faɗi a gidansa a Englewood. Likitan da ya bincika gawarsa ya ce zuciyarsa ce ta tsaya, sanadin wata cuta ta rashin daidaiton bugun zuciya, wadda aka gano yana da ita tun yana jami'a. Ya bar mahaifinsa da mahaifiyarsa da 'yan'uwa uku.

Tun yana jami'a. Ke nan duk shekarun da ake ƙirga masa taimako ana dariya, yana ɗauke da abin da zai kashe shi. Zuciya tana da nata tsarin lantarki da ke sa ta matse ta saki a kan ƙa'ida. In tsarin ya rikice, takan yi sauri fiye da kima, ko ta riƙa tsallake bugu, ko ta kama karkarwa kawai ba tare da ta tura jini ba. In na ƙarshen nan ya faru, mutum kan faɗi cikin daƙiƙoƙi, in kuwa ba a farfaɗo da bugun cikin 'yan mintoci ba, shi ke nan. Ba a ganin wannan cuta a fuska. Mai ita yana iya zama ƙaƙƙarfan da ya fi kowa a unguwa. Alamunta, in sun bayyana, su ne suma ko jiri lokacin motsa jiki, ciwon ƙirji, faɗuwar gaba ba dalili, da numfashi sama-sama fiye da na sa'o'i. Gidan da aka taɓa yin mutuwar farat ɗaya ta matashi kuma yana da dalilin yin hattara.

Yinka ba shi kaɗai ba ne. Hank Gathers, tauraron wata jami'a a Los Angeles, ya faɗi ana tsakiyar wasa a Maris 1990, ya mutu yana da shekara 23. Reggie Lewis, kyaftin ɗin Boston Celtics, ya mutu wajen atisaye a Yuli 1993, wata huɗu bayan wasan Yinka da Michigan. Mu a nan ba mu manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi a babban filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana wasa da Angola, ko Marc-Vivien Foé na Kamaru a Lyon a Yuni 2003. Cututtukan nasu ba iri ɗaya ba ne, amma duk na zuciya ne. Wanda ya tsira shi ne Nwankwo Kanu, kuma gwaji ne ya cece shi. Bayan ya ciwo zinariya a Atlanta a 1996, likitocin Inter Milan suka duba shi suka ga lahani a wata ƙofar zuciyarsa, aka yi masa aiki a Cleveland, ya dawo ya yi shekaru yana wasa. Gwajin bugun zuciya da ɗaukar hotonta abubuwa ne da ake yi a manyan asibitocinmu. Yaron da ya taɓa suma a fili, kafin a saya masa sabon takalmi, a kai shi a duba ƙirjinsa.

Hanyar da Yinka ya bi ta canja tun bayansa. A zamaninsa sai an yi sa'a wani ya hange ka daga mota. A 2003 NBA ta fara taron horar da yaran Afirka a Johannesburg. A wannan shekara Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya ya kuma koyi wasan a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da yara a can, ya kafa Giants of Africa domin a riƙa koya wa yara tun suna gida. Ujiri ne ya shugabanci Toronto lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. An buɗe makarantar NBA a Senegal inda ake haɗa wasa da karatu, aka kuma fara gasar ƙungiyoyin Afirka a Kigali a 2021. Nijeriya ta ci kofin Afirka a 2015, ta kuma doke Amurka da maki 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas a Yuli 2021. A gida muna da Kano Pillars, muna da Plateau Peaks a nan Jos.

Abin da bai canja ba shi ne mai mota da ke tsayawa. Mutanen Jos sun san shi sarai ta fuskar ƙwallon ƙafa. Mun ga yadda Manchester United da Chelsea suka yi shekara guda, daga 2005 zuwa 2006, suna ja-in-ja a kan Mikel Obi, ɗan garin nan, tun bai cika shekara 20 ba. Shi ya dace. Da yawa ba a sake jin labarinsu. Wanda ya zo neman yaro ba lalle mugu ne ba. Wanda ya ga Yinka ya buɗe masa ƙofar da ba don shi ba da ba ta buɗu ba. Amma akwai tambayoyin da iyaye ne kaɗai za su yi, domin babu wanda zai yi su a madadinsu. Wace makaranta ce, kuma wa zai biya in yaron ya ji rauni a watan farko? Shekara nawa za a ba shi ya koyi wasan kafin a sa shi gaban jama'a? Wane likita ne ya duba shi, me ya gani, kuma wa aka gaya wa?

A Oktoba 2005, shekara ɗaya da wata tara bayan rasuwar Yinka, wani ɗan tsakiya mai ƙafa 7, Jason Collier na Atlanta, ya mutu farat ɗaya da ciwon zuciya yana da shekara 28. A 2006 NBA ta wajabta wa dukan ƙungiyoyinta gwajin zuciya iri ɗaya ga kowane ɗan wasa. Nets ta bar New Jersey a 2012 ta koma Brooklyn. Jami'ar George Washington kuwa ta sake shiga gasar watan Maris sau da dama, amma har wa yau ba ta koma cikin 16 na ƙarshe ba tun 1993.